Alkyabbar Kaka a Kafaɗar Bature

A duk garin Dagash babu wanda bai san Lazhar ya taɓa zuwa Marsel ta ƙasar Faransawa ba. Shekara ashirin da biyu ke nan da ya yi kwana tara a can, amma har yau kwana taran nan sun ƙi ƙarewa. In aka kawo shayi, sai ya ce a Marsel ba haka ake zuba shi ba. In jaki ya yi kuka, sai ya ce jakunan Marsel sun fi ladabi. Matarsa Rafika dai cewa take yi kwana bakwai daga cikin taran a kwance ya yi su a ɗakin ɗan gwaggonsa, cikinsa na murɗawa saboda wani kifi da ya ci a jirgin ruwa, sauran biyun kuwa neman akwatinsa ya yi a tasha, bai kuma samu ba. To amma Rafika ba ta zama a shagon shayi, shi ya sa labarin Lazhar ya yi rinjaye.

Abin da ke ci masa rai shi ne wani hoto da ke rataye a bangon shagon. Hoton bikin ɗan Si Tahir ne, maƙwabcinsu, wanda aka yi bara. A tsakiyar hoton ga wani Bature ya ɗora jar dara a ka, yana washe baki. Shekara guda cur ana cewa bikin gidan Si Tahir har Turai aka zo masa. Ga shi kuma ranar Alhamis mai zuwa za a yi bikin Lutfi, ɗan wan Lazhar, wanda Lazhar ne ke tsaye masa a matsayin uba tun rasuwar wan nasa.

Ran Lahadi da hantsi Lazhar ya buga tebur ya bayyana shirinsa. Ya ce Baturen Si Tahir mai gyaran famfon gona ne da aka tsinto a hanya, shi kuwa zai kawo na gaske, mai tabarau, mai littafi a hannu, wanda zai tashi ya yi jawabi. Ya ce kama Bature sai wanda ya zauna da su ya san halinsu.

Munsif direba, abokinsa tun suna satar dabino a gonakin mutane, ya kurɓi shayi ya ce, "Mutumin Marsel, in ka je kamo shi ka tambaye shi ko ya ga akwatinka."

Lazhar bai kula shi ba. Ya riga ya san da me zai yi tarko.

A gidansu akwai wata alkyabba ta gashin raƙumi, wadda kakar kakarsu ta saƙa da hannunta. Duk angon da aka yi a gidan, tun daga kakan Lazhar har shi kansa, a cikinta ya fita. Tsohuwarsu Hajiya Mabruka ce ke ajiye da ita a ƙasan adaka, cikin kanumfari da busasshen ganyen lemo, kuma ta sha faɗa cewa ranar da wani ango ya fita daga gidan nan ba cikinta ba, to a fara fitar da gawarta. Gefen alkyabbar ya ɗan zare, ana neman mai kai ta garin Gafsa wurin wani tsohon maɗinki da ya iya irin wannan aiki. Lazhar ya ce shi zai kai.

Hajiya ta dube shi tun daga sama har ƙasa, ta naɗe alkyabbar cikin farin mayafi, ta ƙulle da igiyar kaba. Ta ce a ƙunshe za ta tafi, a ƙunshe za ta dawo. Kada ya sa ta, kada ya zauna a kanta, kada ya nuna wa kowa.

"Haba Inna," in ji shi, "ni da na ratsa teku da kaya?"

"Shi ya sa nake faɗa maka," in ji ta.

Ran Litinin maɗinki ya gama aiki kafin azahar. Lazhar na fitowa daga shagon ya kwance igiya, ya yafa alkyabba, ya gyara dara, ya nufi tasha yana taku ɗai-ɗai kamar mai bin bayan tambura. Lokacin yankan dabino ne, rana ba ta gama hucewa ba, gumi na bin bayansa har cikin takalmi, amma ya san Bature ba ya iya ganin tsohon abu ya wuce.

Aka yi sa'a kuwa, ko rashinta. A motar Munsif, wadda ke jiran cikon mutum ɗaya ta tashi, ga wani dogon dattijo fari sol a zaune, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa, da tabarau, da ɗan littafin rubutu a aljihun gaba. Sunansa Hendrik, mutumin Holan, tsohon malamin makaranta da ya ajiye aiki ya koma bin tsuntsaye ƙasa ƙasa yana ƙirga su. Larabci yake ji, amma na littafi, in ya buɗe baki sai ka ce mai karanta labarai a rediyo. Lazhar ya kashe wa Munsif ido, ya matse wata mata mai kwandon kaji, ya zauna kusa da shi.

Kafin a fita gari hira ta yi daɗi. Hendrik ya ba da labarin yadda ya taɓa shiga jirgin ƙasa da zai kai shi Tanja ya farka a wani gari daban, da yadda akuya ta cinye masa taswira a wani ƙauye, ya kwana biyu yana bin tsuntsu guda ashe na roba ne da mafarauta suka kafa. Mota duka ta ɗauki dariya, har mai kaji. Lazhar ya ga ana neman ƙwace masa fage, sai ya sako Marsel. Ya ce shi kam bai taɓa ɓata a tafiya ba, ko a Marsel Turawa ne ke tsayar da shi suna tambayarsa hanya. Munsif ya yi tari mai ƙarfi. Daga nan aka gangaro kan tufafi. Hendrik ya nuna rigar ruwan da ke kan cinyarsa, ruwan lemo jawur, duk faci, ya ce shekararta talatin da ɗaya, marigayiya matarsa ta sha jefar da ita a shara yana tsamowa. Ya ce sabon kaya ba shi da labari. Sannan ya kai hannu ya shafa gefen alkyabbar a hankali, ya ce a duk yawonsa bai taɓa ganin tufa mai kyau irin wannan ba.

To kowa ya san yadda ake yi. Mutum ya yaba abinka, ka ce masa nasa ne. Ya ce a'a, ta fi dacewa da mai ita. Ka sake, ya sake. A na uku ku yi dariya, kowa ya riƙe kayansa, an rabu da mutunci.

Lazhar ya dafa ƙirji ya ce, "Taka ce."

Hendrik ya gyara tabarau. "Da gaske kake?"

Da Lazhar ya tsaya nan, da an tsira. Amma mutum takwas na kallonsa, ga Munsif na leƙensa ta madubi. Ya ɗaga murya ya ce a gidansu ba a magana biyu, kakansa ya taɓa ba baƙo doki da sirdinsa don kawai ya ce dokin na da kyan ido. Ya tuɓe alkyabbar, yana bugun mai kaji da gwiwar hannu, ya yafa wa Hendrik a kafaɗa, ya ce in ya mayar masa ya ci mutuncinsa a gaban mutanen garinsu. Sannan ya koma ya jingina, yana jiran a ƙi karɓa.

Idanun Hendrik suka kawo ruwa. Ya kama hannun Lazhar da hannu biyu, ya ce ya karɓa, kuma ba zai manta da wannan rana ba har ya mutu. Ya ɗauki rigar ruwansa ya ɗora masa a cinya, ya ce ba ta kai ba, amma ita ce abin da ya fi so a duniya.

Motar ta yi tsit, ban da kaji. Munsif ya sauka daga kwalta ya hau, ya sake sauka, kafaɗunsa na rawa don dariya.

A garin Tozar Hendrik ya sauka a ƙofar masaukinsa, alkyabbar da ke sharar ƙasa a jikin Lazhar ta tsaya masa a gwiwa. Lazhar, da bakinsa ya riga ya saba, ya ji kansa yana cewa lallai ya zo biki ran Alhamis, gidansa gidansa ne. Hendrik ya ciro littafi ya rubuta.

"To," in ji Munsif bayan sun tashi, "ka kama Bature. Sai dai ya tafi da tarkon."

Lazhar ya ce Munsif bai san Turawa ba ne. Wannan duk dabara ce. Gobe da kansa zai dawo da ita.

A gida ya ce wa Hajiya maɗinki ya ce aikin sai ya kwana biyu, zare na musamman za a kawo daga Tunis. Ta ce to. Rafika kuwa ta tsinci rigar ruwan a bayan buhun gari, ta ɗaga ta da yatsa biyu ta tambaye shi ko ya samu aikin gyaran titi ne.

Ran Talata da sassafe ya isa Tozar da kwalin dabino mai kyau. Ya tarar da Hendrik a farfajiyar masauki, yafe da alkyabba, yana cin burodi da man zaitun. Lazhar ya ga ɗigon mai na lilo a bakin burodin daidai saman ƙirjin alkyabbar, ya ji kamar a idonsa zai ɗiga. Shirinsa mai sauƙi ne: ya koya wa Bature al'ada, sannan ya yabi alkyabba. Ya zauna ya yi masa bayani dalla-dalla, cewa a ƙasar nan duk wanda ya yabi abinka, sai ka ba shi nan take, ka kuma matsa masa har ya karɓa. Bai kawo zancen ƙin karɓa ba, don bai ga amfaninsa a yau ba. Hendrik ya rubuta, ya ja layi biyu a ƙasa.

Don kada abin ya yi kama da shiri, Lazhar ya ce bari ya fara daga nesa. Ya ce malafar nan taka ba laifi. Kafin ya rufe baki malafa na kansa. Ya dubi igiyar shanya don ya kawar da kai, ya ce wando mai aljihu da yawa haka yana da amfani. Hendrik ya tashi ya ciro gajeren wandon, da sauran danshinsa, ya ɗora masa a hannu. Lazhar ya yi sauri ya dawo kan hanya, ya ce amma duk ba su kai alkyabbar nan ba, shi kam tun da yake bai taɓa ganin irinta ba, ransa ya biya.

Hendrik ya yi murmushi ya kaɗa masa yatsa. Ya ce ya gane, gwada shi yake yi. Shi fa ya karanta, ya san babu wulakancin da ya kai ka mayar wa mutum kyautarsa, kuma jiya Lazhar da bakinsa ya faɗa a mota. Ko za a yanka shi ba zai yi masa haka ba.

Lazhar ya ce masa lallai ya ci jarrabawa.

Ya dawo tasha da malafa da jiƙaƙƙen wando. Munsif ya dube shi ya ce in aka ci gaba a haka, kafin Alhamis Baturen zai koma ɗan Dagash, Lazhar kuma sai a sa shi a jirgi. Amma Lazhar ya riga ya ƙulla sabon shiri. Tunda ba a mayar wa mai kyauta, ai ana ba wani. Gobe Munsif zai je ya yaba, ya karɓa, ya miƙo ta bayan gida. Munsif ya ce zai yi, da sharaɗin a bar zancen Marsel wata guda. Suka yi ciniki, aka tsaya a mako biyu.

Ran Laraba suka isa masaukin, aka ce Bature ya fita tun asuba. Suka jira har azahar. Can sai ga shi ya dawo, fuska ja, da 'yar shara a jikinsa, kafaɗa fayau.

Lazhar ya tambayi alkyabba da wata irin murya da shi kansa bai san yana da ita ba.

Hendrik ya ce ai albishir gare shi, ya yi aiki da darasin jiya. Ya je Dagash ne kallon tsuntsaye a gonakin dabino, ya tarar da wata tsohuwa a gindin bishiya tana tsince dabino a tabarma. Ta kira shi, ta kama gefen alkyabbar, ta duba ɗinkin, ta sansana, ta ce masha Allah, wannan kaya ya yi kyau. Shi kuwa nan take ya tuɓe ya ba ta. Ko matsa mata bai yi ba, ta naɗe ta sa a ƙarƙashin cinya ta zauna a kai. Ta ba shi dabino biyar, ta tambaye shi wane mai alheri ne ya ba shi, ya faɗa mata.

"Ya take?" in ji Lazhar.

"Tsohuwa ce," in ji Hendrik. "Da baƙin mayafi."

A Dagash, lokacin yankan dabino, tsohuwa mai baƙin mayafi a gindin bishiya ta fi bishiyoyin yawa.

Yinin nan Lazhar ya bi gonaki ɗaya bayan ɗaya. Ba ya iya faɗin abin da yake nema, don kafin ya kai gona ta gaba labari ya isa gida. Sai ya riƙa durƙusawa gaban kowace tsohuwa yana gaisuwa mai tsawo, sannan ya rage murya ya tambaye ta ko wani Bature ya ba ta wani abu yau. Ta farko ta ce me ya ɗauke ta. Ta biyu kurma ce, sai da ya maimaita da ƙarfi har masu hawan bishiya suka leƙo. Ta uku ta ce eh, an taɓa ba ta alewa zamanin Faransawa, ta riƙe hannunsa ta ba shi labarin tun daga farko. Ta huɗu, gwaggon Si Tahir, ya ce ta ɗan ɗaga ya ga abin da take zaune a kai, ta ɗauki zangarniyar dabino ta bi shi da ita har bakin rafi. Kafin la'asar gari ya ɗauka cewa Lazhar na neman mata ta biyu a cikin tsofaffi, kuma kishi yake da wani Bature.

Da ya shiga gida ya tarar da Hajiya a tsakar gida, mata kewaye da ita ana murza kuskus na biki. Ko ɗaga kai ba ta yi ba ta tambaye shi zaren Tunis ya iso? Ya ce ya iso, gobe da safe alkyabba na gida. Ta ce madalla, Allah ya yi masa albarka, ta san ba zai ba ta kunya ba. Rafika ta ce ta ji ana yi mata neman abokiyar zama, don Allah ya zaɓo mai sauran haƙori ko biyu ne, saboda naman biki.

Ran Alhamis tun da hantsi yana kasuwar Tozar, layin masu sayar wa baƙi tsaraba. Ya sayi sabuwar alkyabba, launinta ya yi haske, ƙamshin shago take yi. Ya ce wa Munsif wannan ƙaramin abu ne, a Marsel ya ga yadda ake tsufar da kaya. Da suka dawo Dagash suka tsaya bayan shagon shayi, ya karɓi bokitin da ake juye ragowar shayin mutane, ya tsoma ta ciki har ta yi duhu. Ya ɗaura ta a bayan mota Munsif ya ja ta a kan burji sau biyu. Ya shanya ta a kan rufin motar, ya turara ta da kanumfari, ya naɗe cikin farin mayafin Hajiya ya ƙulle da igiyar kaba. Munsif ya taɓa ta ya ce tana ɗan danƙo. Lazhar ya ce haka gashin raƙumi yake in ya tsufa.

Abin da bai tuna ba shi ne, mutanen Dagash ba sa shan shayi sai cokali ya tsaya a cikinsa don sukari.

Bayan la'asar maza suka cika ƙofar gida. Masu algaita da ganga sun zo, Si Tahir na kujerar gaba da carbinsa, Hendrik kuma na gefensa, an ba shi dara ya ɗora. Lazhar ya ga yadda Si Tahir ke satar kallon tabarau da littafin, ya ji wani sanyi a ransa, ya ce ko yanzu ya gama da shi. Aka fito da Lutfi cikin farar jabba sabuwa fil. Lazhar ya kwance ƙunshi da kansa, ya yi bismilla da ƙarfi, ya yafa wa ango.

Lutfi ya motsa kafaɗa ya ce a hankali, "Baffa, tana manne mini a wuya."

"Albarkar kakanni ce," in ji Lazhar. "Tsaya daidai."

Ƙuda ɗaya ya sauka. Sai goma. Sai zanzaro, waɗanda dama sun cika gari saboda dabino, suka bar buhunan mutane suka yo ayari. Kafin mai algaita ya kai ƙarshen baiti, ango ya koma kamar faifan alewa a bakin kasuwa. Yana kaɗa hannu, gumi na karyo masa, shayi na narkewa yana bin farar jabba layi layi. Wani zanzaro ya shiga algaita, mai busa ya yi wata ƙara da ba ta cikin waƙa. Lazhar ya cire darar kansa yana fifita ango, yana ce wa jama'a ƙamshin tsohon gashi ne ke jawo su, ko ranar bikinsa haka aka yi. Wani tsoho ya ce shi yana wurin, bai ga ƙuda ko ɗaya ba. Si Tahir ya miƙo sanda ya ɗaga gefen alkyabbar, sai ga 'yar takardar shago a maƙale, ya karanta ta da ƙarfi har da yadda ake wanke ta a inji.

A daidai nan Hendrik, wanda aka ce masa zai yi jawabi, ya ga an yi shiru ya ɗauka lokacinsa ne. Ya miƙe, ya buɗe littafi, ya fara da Larabcinsa na rediyo. Ya ce ya zaga ƙasashe da yawa bai ga mai kyauta irin Si Lazhar ba, mutumin da ya tuɓe alkyabbar kakanninsa a cikin motar haya ya ba baƙon da bai sani ba, ya kuma rantse a gaban shaidu. Ya ce washegari ma ya biyo shi har masauki don ya koya masa al'ada. Munsif daga bayan taro ya ce shi shaida ne, mai kaji ma in ana so a kira ta.

Lazhar ya buɗe baki.

Sai labulen ƙofar gida ya motsa. Hajiya Mabruka ta fito da baƙin mayafinta, tana dogara sanda, da wani abu naɗe a hammata. Hendrik ya washe baki ya nuna ta ya ce ga ma baiwar Allahn da ya ba wa.

Ba ta yi sauri ba. Ta ce wa Lutfi ya yar da wannan tsumman ya shiga ya canza jabba, Rafika ta goge masa wata tun jiya. Da ya fito ta warware alkyabbar gidan, ƙamshin kanumfari da ganyen lemo ya tashi, ta yafa masa da hannunta, ta gyara masa wuya. Mata suka rangaɗa guɗa daga ciki. Sannan ta juyo.

"Lazhar."

"Na'am, Inna."

"Zaren Tunis ya yi kyau."

"Inna, ai dama ni shirina..."

"Na ji bawan Allahn nan ya yi maka tukuici. Riga, da malafa, da wando. Ga shi ya zo bikinmu tun daga ƙasarsu, bai ga ko ɗaya a jikinka ba. Haka ake yi a gidanmu? Kai da ka san al'ada har kana koyarwa?"

Hendrik ya ce wallahi da zai ga rigar nan a wurin biki, da ya ji kamar matarsa ta halarta. Bayan wannan magana babu sauran hanyar gudu. Rafika ta miƙo kayan ta bayan labule, a ninke, da alama su ma tun jiya aka goge su. Lazhar ya roƙi arziki a kan wandon, Hajiya ta duba ƙafafunsa ta ce saboda yara an yafe.

Haka aka raka ango ya zaga gari, algaita a gaba, Lutfi cikin alkyabbar kakanni, baffansa a gefe cikin rigar ruwa jawur mai faci, hannayenta sun wuce yatsunsa, ga malafa har kunne, a garin da rabonsa da ruwan sama tun bara. Tsofaffin gonaki suka fito ƙofa ƙofa suna kallo. Gwaggon Si Tahir ta ce da ta san haka zai yi ado da ta amsa masa.

Yanzu hotuna biyu ne a bangon shagon shayi, kuma maganar gaskiya, babu mai kallon na gidan Si Tahir. Lazhar ya ce ai dama abin da ya yi alkawari ke nan, Bature mai tabarau da jawabi, kuma ya cika. Mako biyun Munsif sun ƙare, Marsel ta dawo, sai dai ta rage kuzari. Amma duk ranar da ya shigo da sabon abu, ko takalmi ko agogo, sai shago ya yi shiru, wani ya gyara murya ya ce, "Si Lazhar, wannan kaya ya yi kyau."

Shi kuwa sai ya dafe abin da hannu biyu, ya dubi bango, ya ce, "Na aro ne."